ZAGAYA DUNIYA: Vang Vieng, Garin Da Ke Ci Daga Bakin Kogi

A wannan makon filin Zagaya Duniya ya yada zango ne a ƙasar Laos, can kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Ƙasa ce wadda ba ta da bakin teku ko kaɗan, ƙasashe biyar suka sa ta tsakiya, watau Sin daga arewa, Biyetnam daga gabas, Kambodiya daga kudu, Tailan daga yamma, sa'an nan Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, daga arewa maso yamma. Mutanenta sun haura miliyan 7, akasarinsu manoman shinkafa ne, kuma wajen kashi biyu cikin uku mabiya addinin Buda ne. Faransawa suka mallake ta tun 1893, ta sami mulkin kai a 1953, a cikin watan Disamba na 1975 kuma 'yan gurguzu suka kawar da sarauta suka kafa jamhuriya. Babban birninta shi ne Vientiane, a bakin kogin Mekong.

In mutum ya bar Vientiane ya miƙa arewa ta tsohuwar hanya, bayan tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka zai iske wani ɗan gari wai shi Vang Vieng. Tun zamanin da zango ne na matafiya tsakanin Vientiane da Luang Prabang, tsohon birnin sarakunan ƙasar. Garin yana kwance a gabashin wani kogi da ake kira Nam Song, kalmar "nam" kuwa a harshensu ruwa take nufi. Daga ƙetaren kogin fadamun shinkafa ne shimfiɗe, bayansu kuma ga waɗansu tsaunuka sun miƙe tsaye kamar an kafa su da hannu, kurmi ya lulluɓe su har ƙoli. Dutsensu irin wanda ake yin siminti da shi ne. Har ma akwai masana'antar siminti kusa da garin, wadda hotonta ke bayan takardar kuɗin ƙasar ta kip 5,000. Shi irin wannan dutse ruwan sama yana cinsa a hankali, shekara da shekaru, har ya rarake cikinsa. Dalili ke nan da ya sa tsaunukan suke cike da koguna masu zurfi, waɗansu ma da ƙoramu na gudana a cikinsu.

Garin bai tsira daga yaƙi ba. Daga 1964 zuwa 1973, lokacin yaƙin Biyetnam, jiragen saman Amurka sun zuba wa Laos boma-bomai fiye da tan miliyan 2. A Vang Vieng Amurkawa sun yi amfani da wani filin saukar jiragen sama, kuma har yanzu shimfiɗar filin tana nan a tsakiyar gari, jirgi ba ya sauka. Bayan yaƙin ƙasar ta rufe ƙofarta, ba ta fara karɓar masu yawon buɗe ido ba sai ƙarshen shekarun 1980.

To, yadda aka yi wannan ƙauye na manoma da masunta ya yi suna a duniya abin mamaki ne. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani manomi mai gona a bakin kogi, arewa da garin, yana da baƙi 'yan ƙasashen waje da ke taya shi aiki. Don su huta gajiya da maraice, sai ya samo musu robar cikin tayar tarakta, aka hura mata iska, kowa ya hau tasa ruwa ya tafi da shi a hankali, kamar dai yadda masuntan Argungu ke hawa gora. Baƙi suka ji daɗin abin, suka koma gida suka ba da labari. Kafin a ce haka, sai ga matasan Turai da na Ostareliya suna tururuwa, kowa da jakarsa a baya, ba abin da ya kawo su sai hawan roba. Mutanen wurin suka ga kasuwa ta buɗe, suka kafa ƙungiyar gama kai ta ƙauyuka 10 mai ɗauke da gidaje fiye da 1,500. Kowane ƙauye yana da ranarsa ta ba da hayar roba, bayan kwana goma layi ya sake zagayowa kansa, a raba abin da aka samu.

Da abin ya tsaya nan da ba a ji kansu ba. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai aka shiga kakkafa mashaya ta katako da gora a gaɓar kogin, dama da hagu. Mai hawa roba yana tafe, yaran mashaya su jefa masa igiya su jawo shi gaɓa, a tarbe shi da barasar shinkafa kyauta, sa'an nan ya sayi wata cike da ɗan bokiti. Waɗansu wuraren har da wiwi da sauran kayan maye ake sayarwa a fili, an rubuta su cikin takardar abinci. Bugu da ƙari, masu mashaya suka ɗaura lilo a kan dogayen itatuwa, suka gina dandamali masu tsawo da wuraren sulɓi, don mutum ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Kogin kuwa da rani ba shi da zurfi, ƙasansa duk duwatsu ne, da damina kuma ƙarfi gare shi. Ga maye, ga tsalle, ga dutse a ƙarƙashin ruwa, ai mai karatu ya san abin da zai biyo baya.

A cikin shekarar 2011 kaɗai asibitin garin ya ƙidaya gawar baƙi 27, waɗansu ruwa ya ci, waɗansu sun faɗo da ka a kan dutse. Wannan lissafi bai haɗa da waɗanda aka garzaya da su Vientiane suka cika a can ba. Su ma mutanen gari sun biya nasu farashin. Mutanen Laos mutane ne masu kunya, macensu ko wanka za ta yi a rafi da zanenta take shiga. Sai ga shi baƙi na yawo cikin kasuwa kusan tsirara, a gaban dattawa da sufayen addinin Buda masu fita karɓar sadaka da sassafe. Yara suka fara gudun makaranta don a tsinto robobi a sami na kashewa. Da yake kuma a al'adarsu sun yi imani cewa kurwar wanda ya yi mummunar mutuwa takan zauna inda ya mutu, da yawa suka daina zuwa kogin wanka da wanki da su. Watau kogin da kakanninsu suka rayu a kansa ya zama abin tsoro gare su.

A farkon 2012 aka sake rasa waɗansu matasa 'yan Ostareliya, jaridun ƙasarsu suka yi ca a kan maganar. Ga shi kuma Laos tana shirin karɓar babban taron shugabannin ƙasashen Asiya da Turai a watan Nuwamba na wannan shekara. Saboda haka a watan Agusta gwamnati ta aiko da jami'ai daga Vientiane, aka rufe mashayun bakin kogi, aka rushe dandamalin tsalle, aka kwance lilo. Nan da nan gari ya yi tsit. Masu masauki da masu abinci da direbobi, waɗanda da yawansu sun sayar da gona ko sun ci bashi sun yi gini, suka wayi gari ba ciniki.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mutanen garin suka waiwayi abin da Allah ya ba su tun asali, watau ruwa da dutse da kurmi. A 2014 wani gidan talbijin na Koriya ta Kudu ya nuna shirin tafiye-tafiye da aka ɗauka a Laos, har da Vang Vieng, daga nan 'yan Koriya suka fara zuwa ƙungiya ƙungiya. A watan Disamba na 2020 aka buɗe sabuwar babbar hanya daga Vientiane, tafiyar da a da kan ci awa huɗu ta koma awa ɗaya da rabi. A watan Disamba na 2021 kuma aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Vientiane da ƙasar Sin, tana da tasha a Vang Vieng, tafiyar awa guda daga babban birni. Wannan ya kawo baƙi daga Sin da Tailan, har da magidanta da iyalansu.

Baƙon da ya sauka garin a yau, abu na farko da za a nuna masa shi ne kogin. Hawan roba yana nan bai mutu ba, sai dai mashayun da aka bari kaɗan ne. Mota mai ƙafa uku takan kai mutum arewa da gari wajen kilomita 4, ya shiga ruwa ya gangaro, da rani ya yi awa biyu ko fiye, da damina kuwa ƙasa da haka nesa. Wanda ke son motsa jiki sai ya hau ɗan siririn kwalekwale na mutum biyu, kowa da filafilinsa, da rigar hana nutsewa a jikinsa, ɗan jagora yana biye. Tsofaffi da masu ƙananan yara su kan zaɓi dogon kwalekwale mai inji, su zauna kurum suna kallon ɓaunayen gida na kiwo a gaɓa.

Sai kuma kogunan dutse. Mafi kusa da gari shi ne Tham Chang, wanda ake hawa matakala kusan 150 kafin a kai bakinsa. A ƙarni na 19 nan mutanen wurin suke ɓuya in mahara suka gangaro daga kudancin Sin, domin daga bakinsa ana hangen kwarin gaba ɗaya. Arewa da gari akwai Tham Xang, watau Kogon Giwa, saboda wani dutse da ke ciki mai siffar giwa. Kusa da shi akwai Tham Nam, Kogon Ruwa, inda ƙorama ke fitowa daga gindin tsauni. Nan mutum zai kwanta a kan roba, da tocila ɗaure a goshi, ya kama igiyar da aka ja cikin kogon yana jan kansa cikin duhu. In damina ta yi nisa ruwa kan cika bakin kogon, a daina shiga. Yamma da gari kuma, wajen kilomita 7, akwai Tham Phu Kham, mai ɗauke da mutum-mutumin Buda a kishingiɗe. A gindinsa ne ake da wani tafki mai ruwa shuɗi garau, wanda garin dutsen da ya narke a cikinsa ya ba shi wannan launi. Irin waɗannan tafkuna sun yi yawa, har lamba aka ba su, na ɗaya, na biyu, na uku.

Mai ƙarfin gwiwa yana iya hawan tsaunin Nam Xay, tafiyar rabin awa ko fiye cikin tsakuwa da santsi, a can ƙoli an kafe wani babur inda baƙi ke hawa a ɗauke su hoto. Pha Ngern ya fi shi tsawo da wuya. Akwai masu koyar da hawan bangon dutse da igiya, akwai kuma wayar ƙarfe da aka ja daga itace zuwa itace, a ɗaura wa mutum ɗamara a rataye shi ya sulale ta saman kurmi. Abin da ya fi ƙayatar da ido shi ne ƙaton balan-balan mai ɗauke da kwando. Wuta ake hurawa a bakinsa ta zafafa iskar ciki, da yake kuma iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya tashi da mutanen da ke cikin kwandon. Da hudowar rana da kuma gab da faɗuwarta ake tashinsa, lokacin da iska ta kwanta.

Lokacin zuwa ma abin lura ne. Damina tana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, kogi ya cika ya yi ja, ya kwashe gadojin gora da ake kafawa kowane rani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ne da sararin sama garau, shi ne lokacin da baƙi suka fi yawa. Maris da Afrilu kuwa zafi ne, ga hayaƙin ƙona gonaki yakan rufe tsaunuka.

Sai dai wanda ya zaci garin ya rabu da baƙin labari, watan Nuwamba na 2024 ya nuna masa akwai saura. A wannan watan baƙi shida suka mutu bayan sun sha barasar da ta gurɓata da wani sinadari wai shi metanol: biyu 'yan Ostareliya, biyu 'yan Denmak, ɗaya 'yar Birtaniya, ɗaya Ba'amurke. Biyar daga cikinsu mata ne matasa, 'yan Ostareliyan nan biyu shekarunsu 19 kacal. Shi metanol na aikin masana'antu ne, harshe ba ya bambanta shi da barasa, kuma sau da yawa ba ya nuna illarsa sai bayan awa 12 ko fiye, sa'ad da ya riga ya taɓa ido da sauran jiki. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya makantar ko ya kashe. 'Yan sanda sun tsare ma'aikatan wani masauki, gwamnati kuma ta hana sayar da barasar wata masana'anta ta cikin gida.

Abin dubawa a nan shi ne, a 2012 da 2024 duka sai da rayuka suka salwanta, jaridun ƙasashen waje suka ɗauka, kana hukuma ta motsa. Alhali kuwa auna zurfin ruwa kafin a ɗaura lilo, da binciken abin da ake zuba wa baƙo a kofi, da tilasta sa rigar hana nutsewa, duk ba su kai tsadar rai guda ba. Talakan da ke ba da hayar roba ba shi ke da ikon yin doka ba, amma in kasuwa ta mutu shi ne farkon wanda tukunyarsa ke sauka daga murhu. Shi ma baƙo yana da nasa nauyin: ya tambayi 'yan gari kafin ya faɗa ruwan da bai sani ba, kada ya shiga kogo ba jagora, ya suturta jikinsa in ya shigo gari, ya kuma san asibitin wurin ƙarami ne, mai babban rauni sai an kai shi Vientiane ko a ƙetara da shi Tailan. Baƙo raɓa ne, gobe zai hau jirgi ya tafi. Masu garin kuwa nan za su kwana, su da kogin Nam Song, kuma a bakinsa 'ya'yansu za su nemi abinci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.