Naƙasar da ba ta da sarki

A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu da kutare suna da nasu, kuma in rabo ya zo gari, sarkin ne ke tsayawa a kan na jama'arsa. Amma yaron da ya kai shekara goma bai iya haɗa magana ba, ko budurwar da jikinta ya girma hankalinta ya tsaya a ƙuruciya, ba su da mai tsaya musu. Sunayensu kaɗai suke da yawa: dolo, gaɓo, wawa, ɗan ruwa. Wanda aka ce ɗan ruwa ne kuwa, an riga an fidda shi daga cikin ƴan Adam, balle a yi zancen haƙƙinsa a wurin hukuma.

Alhali doka ba ta manta da su ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu. A 1996 aka ɗauke musu kuɗin kwanciya a asibitocin gwamnati. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu, sannan a Disamba 2019 doka mai lamba 2019-62 ta zo da katin daidaita dama, wanda ya kamata ya buɗe wa mai shi ƙofar magani da ta makaranta. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin ɗari na ƴan ƙasa suna da naƙasa. A takarda dai babu abin kushewa.

To, a ɗauki wata uwa a karkarar Urafan ko ta Kanambakashe, wadda zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta yana jinjiri. Abin da za a fara tambayarta shi ne takardar haihuwa. A gida ta haihu, wa'adin shela ya wuce da daɗewa, sai ta nemi hukuncin alƙali da shaidu. In ta samu, saura takardar likita. Nan ne gizo ke saƙa. Ƙafar da ta shanye kowa na ganinta, makanta ma haka. Raunin fahimta kuwa sai wanda ya koyi auna shi, kuma irin waɗannan ƙwararru a manyan birane suke. Daga Tasawa zuwa Maraɗi ya haura kilomita ɗari, da yaron da ba ya jure zaman mota, da kuɗin mutum biyu, da gonar da aka bari ba mai noma. Kowane mataki da Faransanci aka rubuta shi. A 2025 an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Madalla, amma darajar harshe ba ta isa wurin wannan uwa ba muddin ba ta taɓa jin haƙƙin ɗanta da harshen da take yi masa rarrashi ba.

Akan ce ai iyaye ne ba sa zuwa nema. Maganar tana da daɗin faɗa ga mai zaune a ofis. Ta yaya mutum zai nemi abin da ba a taɓa gaya masa akwai shi ba? Kuma wace uwa ce za ta ɗauki ɗanta ta ratsa kasuwa da shi, yara na biye suna ihu, don ta je a ce mata ta dawo jibi? Akan kuma ce ƙasa matalauciya ce, masu lafiya ma ba su samu ba. Gaskiya ne aljihun gwamnati ba shi da zurfi. Sai dai karanta doka a rediyon karkara ba ya cin miliyoyi, haka ma sanya ma'aikacin jin daɗin jama'a ya bi tawagar allurar rigakafi, wadda dama tana shiga kowane ƙauye, ya rubuta sunayen yaran a inda suke. Ƙasar da ta iya kai ɗigon shan-inna har ruga ta iya kai takarda.

Malaman makaranta ma ba su tsira ba. Su ne suke fara gane yaron, tun ajin farko, sa'ad da sa'o'insa suka wuce shi ya tsaya. Sau da yawa abin da ake yi shi ne a mai da shi bencin baya, ya maimaita aji, a ƙarshe a ce wa uban kan yaron ba ya ɗauka. Uban ya yi godiya ya tafi da shi, wani lokaci daga nan sai bara. Da malamin ya rubuta shafi guda na abin da ya lura da shi, ya sa hannu, ya nuna wa uban ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da likita ya sami abin dogaro. Su kuwa ƙungiyoyin al'adu, dolo ya daɗe yana ciyar da su a dandalin wasan kwaikwayo: ya fito da yawu a baki, jama'a su fashe da dariya, uwar irinsa tana cikin masu kallo ta sunkuyar da kai. Ƙungiyar da ta ci wannan dariya shekara da shekaru, bashi ne a kanta ta fassara dokar 2019 da Hausa, ta karanta ta ranar kasuwa a Tasawa da Mayahi, ta kuma raka iyaye a duk lokacin da alƙali ya fito zaman bayar da takardun haihuwa a ƙauyuka.