Bashin Kamaru: wa ake fara biya, wa ke jira?

Duk lokacin da aka ta da maganar bashin da ake bin Kamaru, amsa guda ce ke fitowa daga Yawunde: wai kowa ya kwantar da hankalinsa, bashin bai kai rabin abin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, alhali ƙa'idar ƙasashen CEMAC ta yarda a kai har kashi 70 cikin ɗari. Lissafin kam ba ƙarya a ciki. Hukumar CAA, wadda ke riƙe da littafin basussukan gwamnati, ta nuna cewa a ƙarshen 2024 bashin ya ɗan haura miliyar 14,000 na sefa, wato wajen kashi 45 cikin ɗari na arzikin shekara. In aka raba shi a kan kowane ɗan ƙasa, har da jaririn da aka raɗa wa suna jiya, kowa zai tashi da kusan rabin miliyan. A farashin da Sodecoton ke sayen auduga, wanda bai kai sefa 300 kilo ba, sai manomin Tuboro ya kai fiye da tan ɗaya da rabi kan sikeli kafin ya fanshi kansa shi kaɗai, ban da matarsa da yaransa.

To amma in hankali a kwance yake, me ya sa Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI, ya daɗe yana sa Kamaru cikin ƙasashen da ke da babban haɗarin shaƙewa da bashi?

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɗan kasuwar Mbaibum da ya ci bashin kaya, ranar biya abin da ke cikin aljihunsa za a duba, ba wanda zai lissafa masa hajar da ke cikin kasuwar baki ɗaya. Haka ita ma gwamnati. Daga abin da ya shigo baitulmali take biya, haraji da kuɗin kwastan da ɗan rabon man fetur, kuma abin da take tarawa na haraji bai kai kashi 15 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba. Kasafin 2025 ya kai miliyar 7,317. A 'yan shekarun nan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kasafi yana tafiya ne wurin biyan uwar bashi da ruwansa. Wannan kaso ya fi abin da ake ba ma'aikatar ilimin firamare da ta ilimin sakandare in an haɗa su. Ga kuma wata matsalar: galibin bashin na waje ne, da kuɗin waje ake biyansa. Sefa tana ɗaure da yuro, saboda haka bashin yuro da sauƙi, amma na dala in ta tashi sai nauyin ya ƙaru ba tare da an ranto ko sisi ba.

Iyayenmu sun riga sun ga wannan abu da idonsu. Bayan faɗuwar farashin man fetur da koko da auduga a tsakiyar shekarun 1980, ƙasa ta kasa biyan abin da ta ranto. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairu da watan Nuwamba, wasu suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa. Wata biyu bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Aka dakatar da ɗaukar malaman firamare na tsawon shekaru. Daga nan ne al'adar nan ta malaman iyayen yara ta kafu, inda ƙauye zai haɗa kuɗi, ko ma buhun masara, ya biya wani saurayi mai takardar BEPC ya riƙe aji. Shekara talatin ke nan, kuma duk wanda ya zaga makarantun ƙauyukan Mayo-Rey ya san al'adar tana nan da ranta.

A watan Afrilun 2006 aka yafe wa Kamaru babban kaso na bashinta a ƙarƙashin shirin ƙasashe matalauta masu tarin bashi. Nauyin ya sauko zuwa wajen kashi 12 cikin ɗari. Faransa ta mayar da nata bashin wani shiri da ake kira C2D, wanda da kuɗinsa, haɗe da na wasu masu tallafi, aka ɗauki dubban malaman kwantiragi daga 2007. Da yawa daga cikin waɗanda suka riga mu fita daga makarantar horon malamai ta wannan ƙofa suka shiga aiki. Ina faɗin wannan ne don a gane cewa maganar bashi ba ta tsaya ga masu kwat a Yawunde ba: lokacin da nauyin ya ragu, malami ya shiga aji a Tuboro da Cholire.

Daga kashi 12 zuwa kashi 45 cikin shekarun da ba su kai ashirin ba. Me aka saya da kuɗin?

Gaskiya an yi wasu abubuwa. Akwai tashar jiragen ruwa ta Kiribi, akwai madatsar Lom Pangar da ta Memve'ele, akwai gada ta biyu a kan kogin Wuri a Duwala. Kuma ba za a manta da cewa tun 2014 ƙasa ke yaƙi da Boko Haram a Arewa Mai Nisa ba, tun 2016 rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ke cin kuɗi da rayuka, ga faɗuwar farashin mai, ga korona. Ko wace gwamnati ce a wurin, da ta ci bashi. Ni ban ga laifin rance ba in za a gina abin da zai biya kansa. Hanyar kwalta ta Gaundare zuwa Tuboro zuwa Mundu, wadda aka yi da kuɗin Tarayyar Turai, ita ta fito da garin nan daga lungu. Madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gina a farkon shekarun 1980, mai ƙarfin megawat 72, ita ce ta riƙe wutar jihohin arewa uku shekara arba'in.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsadar bashin da kuma jinkirin aikin. A 2015 gwamnati ta shiga kasuwar kuɗi ta duniya ta ranto dala miliyan 750 a kan ruwa kashi 9.5 cikin ɗari. Ruwan kaɗai ya haura dala miliyan 70 kowace shekara. A 2021 aka sake ranto yuro miliyan 685 a kan kashi 5.95 don a biya mafi yawan wancan, abin da a kasuwa muke cewa cin bashi a biya bashi, ko da yake a nan an samu sauƙin ruwa. Sai ga shi a Yulin 2024 an koma an ɗauko dala miliyan 550, ruwan ya sake komawa kashi 9.5, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne biyan basussukan cikin gida da suka taru. Kuɗin da aka ranto don toshe tsohon rami ba ya haifar da gada ko asibiti da zai dawo da shi.

Jinkiri kuwa ya zama kamar gado. Kashin farko na babbar hanyar Yawunde zuwa Duwala, kilomita 60 kacal, an fara shi a 2014, sai da ya ci wajen shekara bakwai. Filin wasa na Olembe, wanda kwangilarsa ta farko ta kai miliyar 163, an buga gasar cin kofin Afirka a cikinsa a farkon 2022 alhali sauran gine-ginen da ke cikin kwangilar ba a kammala su ba. Mu a nan arewa misalinmu yana kusa: madatsar Bini a Warak, can wajen Gaundare, mai megawat 75, wadda aka ce ita za ta taimaki Lagdo. An ba kamfanin Sinohydro aikin, aka tashi mutane daga gonakinsu, sai aikin ya tsaya cik saboda kuɗin bankin Sin bai fito ba. A 2023 aka sa hannu da wani kamfani daban, Savannah Energy. Cikin waɗannan shekaru Garwa da Marwa da Gaundare sun sha duhu duk lokacin da ruwan Lagdo ya ja baya, sai da tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar suka ɗan kawo sauƙi. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ma, da kuɗin Bankin Duniya a ajiye, shekara nawa ana jan ta?

Akwai wani layi a rahoton CAA da ba a cika kula da shi ba: rancen da aka sa wa hannu amma ba a ciro kuɗin ba, saboda aikin bai shirya ba, ko ba a biya diyyar filaye ba, ko gwamnati ba ta zuba nata kason ba. A 2024 ya kai wajen miliyar 4,000. A kan irin wannan rance, masu ba da kuɗi da yawa suna cajin wani abu duk shekara don sun ware maka kuɗin, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Kamar ka kama ɗaki a Garwa ne kana biyan haya, kai kuwa kana kwana a tasha.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. In kuɗi ya yi ƙaranci a baitulmali, ba kowane mai bin bashi ake yi wa daidai ba. Bankin Exim na Sin, wanda ƙasarsa ce ta fi kowace ƙasa bin Kamaru bashi, da masu riƙe da takardun rance a Landan da Paris, suna da ranar biya a rubuce, kuma in aka saɓa duniya za ta ji, ƙofar rance ta rufe. Shi kuwa ɗan kwangilar da ya gina azuzuwa biyu a ƙauye, ko mai kawo wa asibiti kaya, ko malamin da ke jiran kuɗin ƙarin girma, ba shi da wata ƙofa da zai rufe wa gwamnati. Sai ya jira. Ma'aikatar kuɗi da kanta, ƙarƙashin minista Louis Paul Motaze, ta sa an binciki irin waɗannan basussuka na tsakanin 2000 da 2019, aka tabbatar da miliyar 671, aka ce za a biya a hankali cikin shekaru. Jama'a, bashin shekarar 2000 fa! Wasu masu shi sun riga mu gidan gaskiya. A wurinmu, kafin a raba gado sai an biya bashin da ake bin mamaci. A nan kuwa mamacin ne ke bin bashi, magada suna yawo da takardu.

Yajin aikin malamai na OTS da ya ɓarke a Fabrairun 2022, wanda aka yi wa laƙabi da mataccen alli, daga nan ya samo tushe. Malamai sun lissafa miliyar 181 na haƙƙoƙinsu da suka maƙale: masu karɓar kashi biyu cikin uku na albashi shekara da shekaru, masu aiki ba lambar ma'aikaci, masu jiran kuɗin gida. A cikin wancan yajin ne wani malamin makarantar sakandaren Beka, a nan jihar Arewa, ya rasu bayan ya yi wajen shekara goma yana koyarwa ba albashi. An biya wani kaso daga baya, ba za a hana gwamnati wannan ba. Amma a lura da ma'anar abin: ma'aikacin da aka riƙe wa haƙƙi shekara biyar ya ranta wa gwamnati kuɗi ke nan, ba da yardarsa ba, ba ranar biya, kuma ranar da kuɗin ya fito tsadar kaya ta riga ta cinye wani sashe.

Sauran jama'a kuma a gidan mai suke biyan nasu kason. A ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla da FMI a 2021, an matsa a rage tallafin mai, wanda ya haura miliyar 1,000 a 2022. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840, gas kuma ya kai 828. An ƙara wa ma'aikata kashi 5 da ɗan ɗoriya, sannan wani kashi 5, amma manomi da ɗan acaɓa ba su da albashin da za a ƙara. A cikin kuɗin kowace lita akwai kusan sefa 48 da ake cirewa don biyan bashin matatar Sonara, wadda ta ƙone a Mayun 2019. Da can mutanen arewa suna fakewa da man zuwa-zuwa na Najeriya, to shi ma tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 ya daina zama mafaka. Mu da kayanmu ke hawo jirgin ƙasa daga Duwala zuwa Gaundare, sannan su hau mota, kowane ƙarin kuɗin gas yana iso mu a cikin farashin siminti da shinkafa da takin zamani. Binciken gidaje na 2022 ya nuna talauci ya kai kashi 61 cikin ɗari a jihar Arewa, kashi 69 a Arewa Mai Nisa, alhali a ƙasa baki ɗaya bai kai kashi 38 ba. Harajin kaya na kashi 19.25 kuwa ɗaya ne ga mai shago a Duwala da mai tebur a Tuboro.

Shi ya sa nake ganin 'yan majalisarmu na arewa suna ɓata damarsu in zaman kasafi na watan Nuwamba ya zo suka tsaya ga roƙon a sa musu rijiya ko aji biyu. Abin da ya kamata su matsa a kai shi ne a buga jerin kowane rance da aikin da aka yi da shi, jiha jiha, da ranar da aka ce za a gama da ranar da aka gama. Kotun binciken kuɗi ta nuna za ta iya irin wannan aiki lokacin da ta bankaɗo yadda aka yi da asusun korona na miliyar 180, sai dai rahoto ba hukunci ba ya tsorata kowa. Gwaji mafi kusa shi ne hanyar Gaundare zuwa Garwa, wadda Bankin Raya Afirka ya amince da rancen gyara ta a ƙarshen 2024. Kuɗin bashi ne, za a biya shi ko an yi kwaltar ko ba a yi ba, kuma duk direban da ke hawan dutsen nan na bayan Gaundare zai iya gaya mana inda aikin ya kwana.

Manyan ranakun biya kuma suna nan tafe kusa da juna. Rancen dala na 2024 wa'adinsa 2031 ne, na yuro na 2021 kuma 2032, a daidai lokacin da man da ake haƙowa ke raguwa shekara bayan shekara.