Sha'anin Intanet: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Duk wanda ya lura da yadda jama'armu ke kallon fim a wayar hannu zai ga da yawansu ba daga intanet suke ɗebo shi ba. Wurin masu tura fina-finai suke zuwa a kasuwa, su biya 'yan kuɗi kaɗan a loda masu. Ba ƙauyanci ba ne, lissafi ne. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa guda yakan ci gigabait 1, in kuwa hoto tangaran ake so, har 3. To, ma'aikacin da aka yanka wa mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata tun 2024, ina ya ga ta wannan? Ga shi kuma cikin Janairu 2025 hukumar NCC ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100.

Abin mamaki, Nijeriya ba ta rasa manyan wayoyin ƙarƙashin teku ba. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Ikko a 2010, WACS ta fara aiki a 2012, Equiano ta Google ta biyo baya a 2022. Watau kaya sun sauka a bakin teku, amma babu isasshiyar hanyar kai su Sakkwato ko Maiduguri.

A nan ne gwamnoni ke da laifi. An amince kuɗin haƙa ramin binne waya ya zama N145 kowace mita, amma jihohi suka mai da shi saniyar tatsa. Ekiti N4,500 take karɓa kafin ta sauko a 2020, Kaduna kuwa ta yafe shi ɗungum a shekarar. Wayar da aka samu aka binne ma, sai masu aikin hanya su zo da katafila su tsinke ta.

Masu shirya fina-finan Hausa su ne ke ji a jikinsu. Yanzu YouTube suke sa wasanninsu, shi kuwa bisa yawan masu kallo yake biya. Mutum guda ya sauke, ya tura wa ɗari, mai fim ya tashi a tutar babu.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa waya kilomita 90,000. Madalla. Sai dai kowace mita ta ƙasar wata jiha za ta ratsa, ya kamata tun yanzu a ji nawa kowane gwamna zai nema.