Ƙuri'ar Damargu da mazaunin Nijar cikin ƙungiyoyin ƙasashe

Ran 20 ga watan Oktoba na 2009 aka buɗe rumfunan zaɓen ƴan majalisar dokoki a Tanut da Belbeji, kamar sauran sassan Nijar. A ran nan kuwa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar. Dalili shi ne yarjejeniyar da ƙasashenta suka sa wa hannu a Dakar cikin 2001, wadda ta ce ba a samun mulki, ba a kuma riƙe shi, sai ta hanyar tsarin mulki. Shugaba Tanja Mamadu ya riga ya ƙara wa kansa shekara 3 ta ƙuri'ar raba gardama, ƴan adawa kuma suka ƙaurace. Ke nan an yi zaɓe, amma maƙwabta ba su yarda da shi ba.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, Damargu kuwa, da ake kira rumbun hatsi, ta san yunwar 1984 da ta 2005. Tarayyar Turai ta tsai da taimakon raya ƙasa daidai lokacin da rumbuna ke ƙarewa. CEDEAO ba ta mai da Nijar mazauninta ba sai bayan zaɓen 2011 da ya kawo Mahamadu Isufu.

Sai dai ba kowane abokin hulɗa ke tambayar zaɓe ba. Duk tsawon rikicin nan, kamfanin ƙasar Sin bai daina ginin matatar mai ta SORAZ a gundumar Tanut ba, har aka buɗe ta cikin Nuwamba na 2011.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, abin da ya taɓa makiyayan da ke kai dabbobi kasuwannin Nijeriya. Wannan karo Nijar ba ta nemi komawa ta hanyar zaɓe ba. Ta kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso ran 16 ga Satumba na 2023, ƙawancen da tushensa tsaro ne, babu sharaɗin zaɓe a cikinsa. Fitarta daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairu na 2025. Amurka ma ta cire ta daga tsarin rangwamen ciniki na AGOA tun farkon 2024.