SUNA LINZAMI NE, AMMA WA KE RIƘE DA SHI?



Ran kasuwa na ji wani yana cewa majalisa majalisa ce, ko wane suna aka ba ta. Ƙarya ne. Ku saurara.

A 1946 Faransa ta kafa mana Conseil général a Yamai. Conseil shawara ke nan. Wakilai su tattauna lanho da kuɗin ƙasa, amma doka daga Paris take zuwa, gwamna ya zartar. Turawa 'yan ƙalilan suna zaɓen nasu dabam, mu namu dabam. Sunan bai ɓoye kome ba: ku faɗi, mu yanke.

A 1952 aka mai da ita Assemblée territoriale, watau taron yanki. Ashe mu ba ƙasa ba ne, yanki ne na gonar wani. Sai bayan dokar 1956 aka haɗa masu zaɓe a layi ɗaya, maza da mata, aka zaɓi wakilai 60 a 1957. Da mulkin kai, 1960, ta zama Assemblée nationale, majalisar al'umma duka, mai yin doka da kanta.

To, a nan fa gizo ke saƙa. An hana Sawaba a 1959. A zaɓen 1965 da na 1970 jerin sunaye ɗaya tak aka kawo, na PPN-RDA. Suna ya girma, baki ya mutu. Da soja suka rushe ta ran 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar yunwa, talaka nawa ya yi mata kuka? An sake rushe ta a 1996, 1999, 2010 da 2023.

Kalmar majalisa daga Larabci take, wurin zama. Parlement kuwa daga parler, yin magana. Ba don zama kaɗai ake tura mutum Yamai ba. Aikinsa uku ne: ya yi doka, ya yarda da haraji ko ya ƙi, ya tambayi minista ina kuɗin rijiya da na lakwal suka shiga.

Saboda haka, a taronku na wannan mako kada ku tsaya ga suna. Ku tambaya: wa ya zaɓe su? Suna iya cewa a'a? In ba su iyawa, fada ce, ba majalisa ba.

Wassalam.