Hutun Wata Shida Bai Kai Gona Ba

A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta ba matan da ke aikinta hutun haihuwa na wata shida. Dalili kuwa domin uwa ta sami damar ba jaririnta nono zalla, ba ruwa ba kunu, har ya cika wata shida, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Wannan abu ne mai kyau, mun kuwa yaba. Amma bari mu tambayi kanmu, a Dogon Dawa mata nawa ne wannan hutu ya shafa? In ban da 'yan kaɗan masu albashi, sauran fa?

Sauran su ma ma'aikata ne, sai dai ba su da takardar ɗaukar aiki. Akwai mai zuwa aikatau lokacin karyar masara da girbin waken soya, a biya ta da yamma. Akwai Bafillatana mai ɗaukar ƙwarya daga ruga zuwa kasuwa. Akwai mai tuyar ƙosai a bakin hanyar Funtuwa. Akwai kuma ta cikin gida, mai surfe da ƙuli-ƙuli, ga ɗiban ruwa ga girki. Waɗannan in sun yi arba'in, hutu ya ƙare ke nan.

Yawansu ma ƙaruwa ya yi. Ba mu manta da harin watan Oktoba na 2012 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 a garin nan, balle shekarun wahala da suka biyo baya. Gidaje da yawa mace ce ta zama uwa ta zama uba. Da aka yi sulhu a watan Nuwamba na 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane suka soma komawa gonakin da suka bari. Wannan abin godiya ne. Amma gona mai nisa takan raba uwa da jaririnta tun safe har la'asar.

Mun san abin da ke faruwa a gida bayan ta fita. Yaro ya yi kuka, kaka ta ji tausayi, ta ba shi ruwa. Gobe ta dama ɗan koko. Cikin jariri kuwa ƙarami ne ƙwarai. In ruwa ya cika shi, ba sauran wurin nono. In ruwan ba shi da tsabta, sai gudawa ta biyo, bayan gudawa sai rama, bayan rama sai tamowa. Uwa kuma, tun da ba a tsotsa sosai, sai nononta ya ragu, ta ce ai ba ta da isasshen nono. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 100 'yan ƙasa da wata shida a Nijeriya, 29 kaɗai ke shan nono zalla.

To, ra'ayinmu shi ne, hutun macen karkara ba daga Kaduna zai zo ba. Yana hannun miji, da uwar miji, da mai gona. Inda kuma fita ta zama dole, uwa ta tatsi nononta ta bar wa jariri, gida kuma ya karɓi wannan da hannu biyu.

Mun san akwai masu musu, bari mu amsa musu ɗaya ɗaya.

Waɗansu sukan ce, "Da wannan zafin rana, ya za a hana jariri ruwa? Ai rashin tausayi ne." Amsa ita ce ba a hana shi ba. Nonon uwa, cikin kashi 100, kusan 87 ruwa ne. Wanda ke fara fitowa tsararo ne, shi ke kashe ƙishi, na baya kuwa mai kauri shi ke ƙosarwa. Uwa ce ya kamata ta sha ruwa ta ƙoshi. In jariri yana fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, nauyinsa kuma yana ƙaruwa wurin awo, to, yana samun abin da ya ishe shi.

Waɗansu kuma sukan ce nonon da ya fita daga jiki ya ɓaci, ko kuwa uwar da ta yini a rana nononta ya lalace. Ba haka ba ne. Nonon da ke cikin mama ba ya tsami. Wanda aka tatsa kuwa, in ya ɗan jima a ajiye, sai mai ya taso sama. Wannan ba ɓaci ba ne, a ɗan jujjuya kofin kawai ya haɗe. Mu da muke zaune da masu shanu bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kowane makiyayi ya san saniyar da aka daina tatsa takan ƙafe. Ba makiyayin da zai hana sabon maraƙi dakashi, amma mu mukan zubar da na 'ya'yanmu, alhali shi ne rigakafinsu na fari.

Waɗansu sukan ce madarar gwangwani ta fi sauƙi. Bari mu yi lissafi. Jariri ɗaya yana bukatar kimanin kilo 20 na wannan madara a wata shida na fari, watau gwangwani 40 masu rabin kilo. Manomi ya tambayi farashin guda a kanti, sa'an nan ya ƙirga buhun masara nawa zai sayar. Ga tafasa ruwa kowane lokaci, ga wankin bulumboti. In kuɗi ya kasa, sai a riƙa tsinka madarar da ruwa, yaro yana sha yana ramewa. Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka kafa ƙa'idar tallar madarar jarirai a 1981, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. Akwai jaririn da ba makawa sai an ba shi, kamar maraya wanda bai sami mai shayar da shi ba. Wannan sai a bi shawarar ma'aikacin lafiya.

Yanzu ga yadda ake tatsa. Ba a bukatar inji, hannu ya isa.

1. A wanke kofi mai murfi da sabulu, a zuba masa tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan jima, sa'an nan a zubar. Uwa ta wanke hannu da sabulu.

2. Ta zauna a natse. Ta sa babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan mama, manuni kuma a ƙasa. Ta danna baya wajen ƙirji, sa'an nan ta matsa ta saki, ta matsa ta saki. Kada ta ja kan mama. In wannan ya ragu ta koma ɗayan. Minti 20 zuwa 30 ya isa.

3. A rufe kofin, a ajiye a inuwa, cikin kwano mai ruwan sanyi kusa da randa. A ƙasarmu mai zafi kada ya wuce awa huɗu. Inda akwai firji mai aiki ba yankewa, yana kai kwana huɗu.

4. Kada a tafasa shi. In ana so ya yi ɗumi, a tsoma gindin kofin cikin ruwan ɗumi.

5. Mai reno ta ɗan tada jaririn zaune a cinyarta, ta ɗora bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa, ya riƙa kurɓa da kansa. Kada a yi masa ɗura. Abin da ya rage kada a ajiye shi har yamma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Uwa ta fara koyon tatsa mako biyu kafin ta koma aiki, gama da fari kaɗan ne zai fito. Ta shayar kafin ta fita, ta shayar da zarar ta dawo, da dare kuma ta bar shi ya sha iyakar sonsa.

Awa huɗun nan ita ce ta nuna mana cewa tatsa kaɗai ba ta isa ba. Uwar da ta fita da ƙarfe bakwai, ya kamata kafin azahar ta kasance tare da jaririnta. Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Maigida, ka ɗauke wa matarka aikin gona mai nisa har yaro ya cika wata shida. Ka ga ta ci ta ƙoshi, ga wake, ga gyaɗa, ga zogale a bayan ɗaki. Kuɗin ɗan ƙwadago na 'yan kwanaki bai kai kuɗin jinya ba.

Iya, ke da ake bar wa jika, maganarki ce doka a gidan. In kin ce ba ruwa, ba wanda zai ba shi. Ki karɓi kofin nan daga hannun surukarki, kada ki sa ta ji kunya.

Mai gona, ka bar mai goyo ta zo da 'yar reno, su zauna a inuwa kusa da ita, nesa da inda aka yi feshi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. In doka ta ba ma'aikaciyar birni wannan, mai karyar masara ma ta cancanta, ba tare da an rage mata lada ba.

Ungozomomi da ƙungiyoyin mata, ku je wurin ma'aikatan lafiya ranar awo ku koyi tatsa da shayarwa da kofi, ku dawo ku koya wa maƙwabta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun san lokacin shuka, mun san in ya wuce ba ya dawowa sai baɗi. Wata shidan nan na fari su ne lokacin shukar yaro, su kuwa ba su da baɗi. Kowane gida da ke da mai jego, a zauna yau a shirya wanda zai karɓi aikinta.