Akuya Mai Tagwaye Ba Ta Mahauta Ba Ce

Idan aka haifi tagwaye a gidan Bahaushe, labari yakan karaɗe unguwa kafin rana ta faɗi. Akan raɗa musu suna Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuma a kira shi Gambo. Ana wannan murna ne domin ba kasafai mace takan haifi 'ya'ya biyu a lokaci ɗaya ba. Amma akwai wata dabba a gidajenmu wadda haihuwar tagwaye ta zame mata al'ada, wato akuya. A ganina, akuya mai haihuwar tagwaye dukiya ce da ya kamata a tattala, kuma babban kuskure ne a kai ta mayanka, musamman idan tana da ciki.

Bari mu fara kwatanta ta da sauran dabbobin gida. Saniya takan yi kimanin wata tara da ciki, goɗiya wata goma sha ɗaya, raƙuma kuwa wajen wata goma sha uku. Duk da wannan dogon jira, ɗa guda ɗaya kowaccensu takan haifa. Tagwaye ma ba alheri ba ne ga saniya, domin idan ta haifi mace da namiji tare, yawanci macen takan tashi juya. Tunkiya takan haifi biyu jifa-jifa. Akuya kuwa wata biyar kacal take yi da ciki. A haihuwar fari sau da yawa ɗa ɗaya take samu, amma daga nan sai ta riƙa zuba biyu-biyu, wani lokaci har uku. Kan nononta ma biyu ne, kowane ɗa da nasa.

Mutanen Minna sun yi sa'a ta wannan fanni, domin garin yana tsakanin arewa da kudu, inda irin awaki biyu suke haɗuwa. Akwai jar akuya ta Sakkwato, wadda a Jamhuriyar Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Fatarta ta yi suna tun zamanin da fatake suke ratsa hamada da ita zuwa Afirka ta Arewa, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Akwai kuma gajeruwar akuyar nan ta kudu, mai jure cutar da ƙudan tsando yake yaɗawa. Dukansu biyu an san su da yawan haihuwar tagwaye.

Yanzu mu yi lissafi. Akuyar da ta sami kulawa tana iya haihuwa sau 3 a cikin shekara 2. Idan kowace haihuwa ta zo da tagwaye, 'ya'ya 6 ke nan. A daidai wannan lokaci, saniya ba za ta wuce maraƙi 2 ba, ko da ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ga shi kuma talaka ba ya iya sayen saniya, amma yana iya sayen akuya. Shi ya sa a unguwanni irin su Bosso da Maitumbi da Tunga za ka ga mata da yawa suna da turke a bayan ɗaki. Da kuɗin ɗan akuya ake biyan kuɗin makaranta, a sayi magani, a yi wa 'ya mace kayan ɗaki. Akuya ita ce asusun matar da ba ta da ajiya a banki.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce, idan buƙata ta taso, akuyar da ta fi girma ita ake fara kamawa a kai kasuwa, kuma sau da yawa cikin da take ɗauke da shi ne ya sa ta yi girman. Mahauci ya saya, ya yanka, sannan a tarar da 'ya'ya biyu a cikinta. Rai uku sun tafi ke nan a kan kuɗin nama ɗaya. Asarar ba ta tsaya nan ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yar akuyar da uwarta take haihuwar tagwaye ta fi kusa da gadon wannan hali. Duk wanda ya yanka irin wannan uwa ya yanke iri mai kyau daga garkensa.

Wani zai ce: "Mai akuya ba da son ransa ya sayar ba. Yaro ne ba shi da lafiya, ko kuwa damina ta kama ba kuɗin taki." Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ga laifin uwar da ta sayar da dabba don ta ceci ɗanta. Amma ko a cikin matsi akwai zaɓi. A fara sayar da bunsuru ko taure, ko tsohuwar akuyar da ta daina haihuwa. Idan kuwa mai cikin ce kaɗai ta rage, a nemi wanda zai saya don kiwo. Haka kuma haƙƙi ne a kan Sarkin Fawa da likitocin dabbobi su duba kowace akuya kafin a sa mata wuƙa.

Wasu kuma suna cewa tagwaye ƙanana ake haifarsu, kuma sun fi saurin mutuwa. Wannan ma haka yake, sai dai maganinsa yana hannun mai kiwo. Uwar da za ta shayar da biyu tana buƙatar abinci fiye da mai ɗaya. A ba ta dusa da harawa da ɓawon doya, wanda ba ya wuya a ƙasar Minna, a ajiye mata ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ko kanwa. A tabbata kowane ɗa ya sha dakashi tun ranar haihuwa, domin shi ne yake kare shi daga cuta. Kada a bar ta tana yawo a juji tana cin leda, saboda leda takan toshe tumbi ta kashe dabba. A kuma yi mata allurar annobar nan mai sa awaki majina da gudawa, wadda ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato. Rigakafi ya fi magani.

Ku ɗalibai, kuna da aikin yi a nan. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da kowace akuya ta haihu a gidanku, da yawan 'ya'yan da ta haifa. Bayan shekara biyu, littafin da kansa zai nuna muku wadda za a ajiye da wadda za a sayar. Irin wannan ilimi ne ake zurfafawa a sashen kiwon dabbobi na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya. Amma ba sai mutum ya shiga jami'a ba kafin ya fara. Akuya ɗaya da alƙalami ɗaya sun isa.

Ma'anar Kalmomi

goɗiya: macen doki
juya: macen da ba ta haihuwa
taure: bunsurun da aka dandaƙe
harawa: busasshen ganyen wake ko na gyaɗa
dakashi: nonon farko bayan haihuwa

Tambayoyi

1. Wata nawa akuya take yi da ciki?
2. Me ya sa tagwaye ba alheri ba ne ga saniya?
3. Kawo hanyoyi uku na kula da akuya mai tagwaye.
4. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Faɗi dalilinka.